Goro Bakwai a Ƙarƙashin Tire

Ni dai ban gaji gona ba, ban gaji sarauta ba, kunne na gada. Da shi na ci abinci shekara talatin da 'yan kai, a wata 'yar rumfa da ke bakin hanyar shiga unguwar Kara-Kara, ina gyaran rediyo da rakoda mai cin kaset, daga baya ampli da lasifika. A Damagaram, in kayan sauti suka gagari mai gyara, abin da ake faɗa wa mai kayan ke nan: kai wa mai kunne. Ba zan ɓoye ba, sunan yana mini daɗi. Sau da yawa mutum zai sauke ampli daga bayan moto, wato babur, kafin ya gama dogon bayani in ce ya kunna, in saurara, in faɗa masa abin da ya mutu a ciki ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ina da saurin fushi, wannan kowa ya sani, har matata ta daina yi mini wa'azi a kai. Amma ba a taɓa kama ni ina cewa na ji abin da ban ji ba.

Ina da aboki tun muna lekol, makarantar boko, tare muka sha bulalar mushe ɗaya, wato malaminmu. Shi ya ci gaba da karatu ya shiga aikin duwan, wato kwastam, ni kuma na tsaya a aji shida na kama liƙin dalma. Da ya ajiye aiki, sai ya gyara babban salo, wato falo, a gidansa da ke Sabon Gari, ya girke ampli da manyan lasifika biyu masu akwatin katako. Da zafin garinmu ya cinye robar bakinsu, ni na je majema na zaɓo fatar akuya, na sa aka kankare ta har ta yi laushi kamar ƙyalle, na yanka na liƙa. Wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa su ba. Kowace Juma'a bayan la'asar muke zaman fada, wato majalisar hira, a salon nan, mu shida ko bakwai, ana dafa shayi ana jin goge da kalangu da kukuma. A da kaset muke sawa. Yanzu kuwa daga salula waƙar ke fitowa, ta manhajojin nan da ke jawo ta kai tsaye ta rezo, wato intanet. Abokina yana da guda biyu a wayarsa, wata ta kyauta, wata kuma da yake biyan kuɗin wata.

Sai ɗansa ya auri 'yar wani Alhaji Bakano mai shagon kayan wuta a kasuwar Dole. Mutumin kirki ne, hannunsa a buɗe, ba ya zuwa gidan surukinsa hannu rabbana. Wata Juma'a ya zo fada da wani ɗan akwati baƙi, bai fi tafin hannu ba, da wata manhaja ta uku a wayarsa. Ya ce wannan ita ce orijina, ba ta matse waƙa, sauran duk ragowa suke ba mutane. Ya haɗa da amplin abokina. Aka sa wata tsohuwar waƙar goge a manhajar abokina, aka sake sa ta a tasa.

Wuri ya ɗauki salati. Wani ya ce kamar mai gogen yana zaune a kan tabarmar nan. Wani tsohon mushe da ke cikinmu ya rantse har numfashin mawaƙin ya ji. Abokina yana ta murmushi yana gyaɗa kai, sannan ya juyo gare ni, ya ce, "To ga mai kunne nan. Mutumina, faɗa wa Alhaji abin da ka ji."

Na san abin da ake so in ce. Suruki ne, baƙo ne, kuma kyauta ya kawo. Kalma biyu za su wadatar, a sha shayi a watse. Amma ni abin da na ji shi ne ƙara. Ɗan akwatin nan yana turo sauti da ƙarfi fiye da wayar abokina, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ata ya san kunne makwaɗaici ne, abin da ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi. Na ajiye kofin shayi na ce, "Alhaji, taka ta fi ƙara. Ban da wannan, ban ji wani bambanci ba."

Alhaji bai ɓata rai ba, da ma ya ɓata da ya fi mini sauƙi. Murmushi ya yi, ya dafa gwiwata, ya ce, "Malam, ai ba laifinka ba ne. Shekaru ne. Kunne ma yana tsufa, kwalitin nan sai mai sauran ji." Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi don a rufe magana. Na dubi abokina ina jiran ya ce wani abu. Sai ya miƙa hannu ya ƙara wa Alhaji shayi.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle zancen fada. Kafin Alhamis maganar ta zaga kasuwa, ta dawo mini da ƙari: wai mai kunne ya kurumce, an sa masa waƙa a gaban jama'a bai ji komai ba. Mai shayin da ke kusa da rumfata ya fara ɗaga murya in zai gaishe ni. Wani mai hayar lasifika na biki, wanda na yi wa aiki shekara goma, ya aiko aka ɗauke amplinsa daga kan teburina, ban ko buɗe ba, wai ya fasa gyaran. Kwana uku ina ganin kayan nan a rumfar wani da bai san gaba da bayan mitar awon wuta ba. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai. Ba ni da gona, ba ni da fansho. In sunan nan ya tafi, rumfar ta tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina na fara shakka. Idan Alhaji ne ke da gaskiya fa? Mutum ba ya jin abin da ya daina ji, balle ya san ya rasa shi.

Ranar kasuwar Mirriya na hau mota na tafi wurin yayata. Mahaifiyarmu 'yar can ce, mai ginin tukwane, kuma yayata ce ta riƙe sana'ar. Na same ta a bayan tulunanta, tana ciniki da wata mata daga ƙauye. Matar ta ɗauki wani tulu mai zane ja da fari, tana ta juya shi tana yabawa. Yayata ta karɓe shi daga hannunta, ta ce, "Juya bayanki." Haka Inna take yi. Ba ta yarda mai saye ya ƙwanƙwasa tulu yana kallonsa, don ta ce wanda ya ga ado ya riga ya zaɓa, hannu ne kawai yake wahalarwa. Matar ta juya, yayata ta ƙwanƙwasa mata guda huɗu da gaɓar yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi na uku. Da ta waiwayo, sai ta ga wani baƙin tulu ne marar zane ko ɗaya, ta yi tsaki, ta yi dariya, ta saya.

Da matar ta tafi na kwashe labari na faɗa wa yayata. Ta saurara tana tauna asuwaki, sannan ta ce, "Kai ma juya, auta." Shekarata sittin da ɗaya, amma a wurinta har yau auta ne. Na juya. Ta ƙwanƙwasa tuluna goma, na ce na huɗu yana da tsagar gashi kusa da wuya, na takwas bai gasu ba. Ta ce haka ne. Ina shirin yin fahariya sai ta ce in tsaya tukuna, kada in waiwaya. Na tsaya ina jira. Can ta ce, "Ka ji?" Na ce me zan ji? Ashe yatsunta take murzawa dab da kunnena na hagu. Ta koma dama ta murza, na ji sarai, kamar ana taka busasshen ganye.

Ta ce, "Na hagun ya fara tafiya. Na daman kuwa ya fi na mutum uku." Ba ta lallashe ni ba, gidanmu ba a yin wannan. Ta sa aka kawo mini fura, na sha ba na jin ɗanɗanonta. A mota ina dawowa na toshe kunnen dama da yatsa, ina sauraron injin da na hagu, ina jin yadda siririn sautin sama ya dushe. Na ji tsoro, ba zan ce ban ji ba. Amma kafin mu shigo gari tsoron ya koma fushi. To, na hagu ya ragu. Wannan bai mayar da ƙara ta zama daɗi ba.

Juma'a na tafi fada da tsohuwar mitata mai allura a aljihu, da goro fari da ja a ƙulle cikin leda. Alhaji yana nan, mutane ma sun fi na kullum, don an ji zan zo. Bayan gaisuwa ban jira shayi ba. Na ce, "Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunnena na hagu ya ragu, da bakina nake faɗa, kada wani ya sha wahalar kai labari kasuwa. Da kunne ɗaya da rabi na zo. Alhaji, ina roƙon mu sake jin waƙar nan, amma irin yadda ake sayen tulu a Mirriya."

Alhaji ya ce, "Yaya ake saye?" Na ce baya ake juyawa. Ya yi dariya ya ce ya yarda, shi kayansa ba ya jin tsoron gwaji.

Abokina bai so ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Mutumina, me ya yi zafi haka? Ka bari ya wuce." Na ce masa ni ma na so ya wuce, amma ya bi ta rumfata ya kwashe mini aiki.

Na fara da daidaita ƙara. Na ɗora wayoyin mita a bayan lasifika, aka sa wuri ɗaya na waƙar a kowace manhaja, ina murɗa ampli har allurar ta riƙa kaiwa layi ɗaya. Na yi alama da alli a inda za a tsayar wa kowace. Ta Alhaji sai da na rage mata sosai kafin ta yi daidai da ta abokina, kuma kowa ya ga haka da idonsa. Sannan na bayyana yadda za a yi. Dukanmu za mu fuskanci bango. Maigida, wato abokina, shi ne zai riƙe wayoyin, tunda gidansa ne kuma ba wanda zai zarge shi. Zai sa hannu a leda ba tare da ya duba ba, in jan goro ya fito ya sa ta Alhaji, in fari ya fito ya sa tasa, ya jera goron a kan tabarma bi da bi. Sau bakwai. In an gama ya kife tiren shayi a kai. Tsohon mushe kuma zai rubuta amsar kowa a takarda.

Kafin a fara na ce a ɗanɗana mana ta kyautar tukuna, a tsakanin sauran, don a san ba gardama nake so ba. Muna fuskantar bango aka sa ta, ga rezo na yamma da kowa ya hau. Ba wanda ya yi kuskure. Gogen ya zama siriri, ƙwaryar da ake kaɗawa a bayansa ta koma kamar ana buga gwangwani cikin ruwa. Ni da Alhaji muka faɗa a tare cewa ta kyautar ce. Na ce, "Ka gani, Alhaji, inda bambanci yake ina jin sa."

Sai aka shiga bakwai ɗin. Na rufe ido, na karkata kunnen dama, na saurara kamar yadda ban taɓa saurara ba. Na bi bakan gogen, na bi inda mawaƙin ke jan numfashi, na bi amon ƙwarya har inda yake mutuwa. Allah ya sani na nemi bambancin nan da gaske, don da na same shi da na faɗa. Na farko, Alhaji ya ce, "Tawa ce." Na ce ban sani ba. Na biyu ya ce, "Wannan ma tawa ce, ji yadda ta buɗe." Na ce ban sani ba. Na uku ya ce ta maigida ce, ta yi nauyi. Na ce ban sani ba. Sau bakwai ina cewa ban sani ba a gaban mutum goma sha ɗaya, ina jin wani yana danne dariya a gefena. Ba abu ne mai sauƙi ba ga mutumin da ake kira mai kunne.

Muka juyo. Tire yana kife a kan tabarma. Mushe ya karanto amsoshin Alhaji: ja, ja, fari, ja, fari, fari, ja. Kowa ya dubi maigida. Bai kai hannu ga tiren ba. Ya gyara zama, ya ce, "Wala. Se sa. Alhaji ya ci duka bakwai."

Aka ɗauki kabbara da tafi. Ni kuwa na ji abin da ba wanda ya ji a ɗakin. Tun muna yara, in mutumin nan zai yi ƙarya, Faransanci ne ke fara zuwa bakinsa. Haka yake yi wa mushe, haka yake yi wa mahaifinsa in mun dawo daga wanka a tafki. Shekara hamsin ina jin muryar nan. Ba na bukatar kunne biyu kafin in gane ta.

Na ce, "A ɗaga tiren."

Ya dube ni, ya ƙanƙance ido, ya ce a hankali, "Mutumina, a bar kaza cikin gashinta."

Na fahimce shi sarai. Surukinsa ne, a gidansa, a gaban mutane, kuma 'yar mutumin tana cikin gidan nan tana dafa mana abinci. Kara yake yi, irin wadda aka koya mana tun muna ƙanana. Amma da me yake yin karar? Da sunana. Ya auna kunyar surukinsa da abincin gidana, ya ga nawa ne ya fi sauƙin bayarwa, don ni na gida ne, zan haƙura. Sau biyu ke nan a ɗaki ɗaya. Na durƙusa na ɗaga tiren da hannuna.

Fari, ja, ja, ja, fari, ja, fari. Mushe ya bi da yatsa yana dubawa a takarda, ya sake bi. Uku ne suka dace, huɗu sun sha bamban. Wadda Alhaji ya ce ta yi nauyi, tasa ce.

Na ɗauka Alhaji ne zai ji kunya, shi na yi wa shiri. Sai ya durƙusa kusa da ni ya ƙura wa goron ido, ya ce a sake karanta masa. Sannan ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Kai! Ashe ni ma sayar mini aka yi. Malam, ka yi gaskiya, na janye maganata, a gaban waɗanda na faɗe ta." Ya miƙo mini hannu muka tafa. Daga nan ya juya ga surukinsa, dariyar ta ragu, ya ce, "Haba, Alhaji. Ai da ka faɗa mini kawai."

Ban taɓa ganin fuskar abokina haka ba. Ya tattara kofunan shayi da kansa, abin da ba ya yi, ya shiga cikin gida, bai sake fitowa ba har aka kira magariba. Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na ƙarshe, na naɗe wayoyin mitata, na share allin da ke jikin amplin da gefen rigata, na yi sallama ba a amsa ba.

Labarin ya zaga kasuwa fiye da na farko. Mai hayar lasifika ya dawo da amplinsa da kansa, yana ta kame-kame, na karɓa, na gyara abin da wancan ya ɓata. Mai shayi ya sauke muryarsa. Alhaji ma ya fara turo mini masu sayen kaya in gwada musu kafin su biya, kuma duk wanda ya tambaye ni wace manhaja ce ta fi, amsata ɗaya ce: ka guji ta kyauta in kana da manyan lasifika, sauran biyun kuwa ka daidaita ƙara ka juya baya, in ka rarrabe su ka zo ka koya mini.

Fada kuwa ta mutu. Juma'a biyu aka ce maigida ba ya jin daɗi, ta uku ba wanda ya tambaya. Muna haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi iyali. Matata ta ce in je in ba shi haƙuri, ni ne na tona. Yayata ta aiko daga Mirriya cewa taurin kaina na Inna ne, kuma ita ma bai kai ta ko'ina ba. Na ce su faɗa mini laifin da zan ambata in na je. In ce ka yafe mini da ban yarda na zama kurma don surukinka ya ji daɗi ba? Ban je ba, kuma ba zan je ba. Ina kewarsa, wannan gaskiya ne, ran Juma'a bayan la'asar ban san inda zan sa kaina ba. Amma da za a sake kife tiren nan yau, da hannun nan zan sake ɗaga shi.

Wata huɗu bayan haka na je tasha karɓar saƙon kayan gyara. Motar Kano tana lodi, ana ɗaure kaya a sama. Cikin buhuna da katifu na hango ampli a naɗe da tsohon bargo, gefe ɗaya a buɗe. Amplin abokina ne, na san shi kamar yadda na san tafin hannuna, har da ƙusar da na canja masa a kusurwa. Na tambayi mai lodi, ya ce wani tsohon ɗan duwan ne ya kawo, wai yana gurnani in ya yi zafi, za a kai Kano a duba. Daga jin haka na san abin da ke damunsa. Aikin minti goma ne, kuma abin da za a sa masa yana cikin gwangwanin da ke kan teburina. Na tsaya har aka ja igiya aka ƙulle, na ce wa mai lodin ya juya shi fuskarsa ta kalli sama, kada hanya ta karya maɓallan.